Kujerar Da Simsima Ta Ƙi Bari

Shafi na 19

Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn da ta ce in ban sako wannan shafin yau ba za ta biyo ni har garinmu Dumyat da muciya. Ki zo, ƙofa a buɗe take. Amma ku sani ba jan rai nake yi muku ba. Wannan ranar ce ba na son tunawa, na zauna rubuta ta na tashi ya fi a ƙirga. Wadda ba ta ci abinci ba ta ajiye wayar ta ci tukuna.

*

Wa'adin da Yaya Isam ya ba Simsima, kyanwar gidanmu, ya cika ranar Juma'a.

Ko ta koyi yaƙushin turken da ya haɗa mata, ko ya sa ta a buhu ya kai ta kasuwar kifi ya juye. Haka ya faɗa a gaban Mama, bai ko rage murya ba. Hujja kuwa yana da ita: washegari Asabar dangin Midhat, wanda zan aura, za su zo karanta Fatihar baikona, kuma a falon baƙi za a zaunar da su. A garin nan namu da kowane gida akwai masassaƙi ko mai ɗinkin kujera, ba fuskar yarinya ake fara dubawa ba. Uwar miji za ta zauna tana yi miki murmushi, hannunta na can ƙasa yana lalubar ɗinki.

Mu kuwa kujerarmu ta kusa da taga, kyanwar ƙanena Wa'il ta mayar da gefenta tsumma.

Ba abin da ban gwada ba, Allah ne shaida. Turken Yaya Isam ne ya yi shi a shagonsa, da bututun kwalin nan mai kauri da ake naɗo yadin kujera a kai. Ya kafa shi kan katako, ya naɗe shi da igiyar jirgin ruwa, ya yi masa murfi a sama. Aikin hannun Yaya ba a kushe shi. Na ajiye shi a kicin, ta ƙi. Na dawo da shi daf da kujerar, ta zagaye shi. Na kama hannuwanta ina gogawa a jikin igiyar, ta kalle ni kamar na zagi uwarta. Na ɗora kan kifi a samansa, ta hau ta cinye ta sauko, ba ko yaƙushi ɗaya na godiya. Kujerar kuma na lulluɓe ta da leda, na manna salatif, na zuba ɓawon lemon tsami a ƙarƙashinta tunda an ce ba sa son warinsa. Ƙofar falon ma rufewa nake, sai ta yi tsalle ta danne mariƙin da nauyinta ta shige abinta. Makullin ya ɓata tun Baba na da rai.

Har durƙusawa na yi ina kartar igiyar da faratana ina cewa, "Kin gani? Haka ake yi." Intisar matar Yaya ta shigo ta same ni a haka, kafin la'asar duk unguwa ta ji cewa ɗokin aure ya taɓa Tahani.

Abin da ya ɗaure min kai, ga kujeru nan reras a falon, ba ta taɓa kai hannu ga ko ɗaya ba sai wannan. Kuma da can ba ta yi. Tun da Yaya ya kwashe kujerun ya sake musu yadi kafin azumin bana, ya dawo da su, ta fara. Na so in ce ko Wa'il take tunawa, to amma Wa'il bai taɓa zama a kanta ba. Mu 'ya'yan gida ba ma zama a falon baƙi, ko da Sallah sai an ce mana zauna.

Da hantsin ranar Mama ta fito daga banɗaki ɗauke da baho cike da kayan Wa'il. Duk Juma'a haka take yi tun da ya tafi neman tsallaka teku zuwa Italiya, ga shi shekara ta zagayo har ta gota ba waya ba saƙo. Kayan da ba wanda ya sa, ta wanke, ta shanya, ta goge, ta mayar cikin kwaba, wai kada ya dawo ya tarar suna warin ajiya.

Na ce, "Kawo in hau miki da shi saman rufi, Mama. Gwiwarki."

"Ke ba ki iya shanya rigar namiji ba, lanƙwasa wuya kike yi."

Ta kai bakin matakala sai ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Yayanki zai zo in an sauko daga masallaci."

"Na sani."

"Tahani, ni ba zan iya ja da Isam ba, shi ne uban gidan nan yanzu. Amma yaron nan a hannuna ya sa ta, a nan bakin ƙofar. Ya ce, Mama ki riƙe min ita, in na samu takardu zan zo in ɗauke ku ku biyu. To in ya shigo ya ce ina Simsima, in ce masa me?"

"Ba inda za ta, Mama."

"Ki lallaɓa ta. Tana jin magana in an lallaɓa ta, halin mai ita ta ɗauko."

Ta hau. Na san ba za ta sauko da wuri ba. In ta gama shanya sai ta ba agwaginta abinci, sannan ta zauna a kan bokiti tana kallon titin da motocin Alƙahira ke sauke fasinja. Iyakar fitarta ke nan. Ko gaisuwar mutuwa ba ta zuwa, kada ya zo ya ƙwanƙwasa ba kowa.

Dabara ɗaya ta rage min. Matar da ke sayar da abincin tsuntsaye a bakin kasuwa ta ce min kyanwa ba ido take bi ba, hanci take bi, in goga wa turken kayan wanda ta fi so. Na buɗe kwabar Wa'il na zaro wata farar riga, na goge igiyar da ita daga sama har ƙasa, na ɗaura ta a jiki.

"Simsima, zo. Zo ki ji wa na kawo miki."

Ta zo. Ta kai hanci, ta shinshina, ta yi atishawa. Ta juya ta nufi kujerarta.

Na kwance rigar na kai ta hancina ni ma. Ƙamshin sabulu ne kawai. Mama ta wanke Wa'il daga kayansa tas, da hannunta, don tsabar son sa. Na zauna a ƙasa riƙe da rigar.

A haka Yaya Isam ya same ni. Buhu a hannu ɗaya, a ɗayan jakar kayan aikinsa da wani yankin yadi irin na kujerun.

"Ina take?"

"Ko sallama babu, Yaya?"

"Salamu alaikum. Ina take?"

Ba sai na nuna masa ba. Ƙarar ta ishe shi. Kar, kar, kar, a gefen kujerar, ledar da na lulluɓa tana ƙasa a yage.

Na ga jijiyar wuyansa ta tashi.

Na ce, "Ka ƙara mata mako ɗaya."

"Na ƙara mata nawa zuwa yau?"

"To mu juya kujerar, wajen ya kalli bango."

"Uwar Midhat kakanta ne ya koya wa kakanmu riƙe guduma. Tana shigowa kujerar da aka juya za ta fara zuwa."

"Ta zo mana! In don yagaggiyar kujera za su fasa ni, su fasa. Ba kujera Midhat zai aura ba."

"Kar ki gaya min maganar banza. Matsa."

Na tare gabansa.

"Yaya, kai ne mai gyaran kujerun rabin garin nan. Sau nawa na ce ka ɗauke wannan ka kai shago, ka bar ta can, ka kawo mana wata? In babu kujerar ai dole ta haƙura ta koma turken. Me ya sa kyanwar ce za ta fita, ba kujerar ba?"

"Kujerar nan ba inda za ta."

"Saboda me?"

"Saboda na ce."

"Ka san me kyanwar nan take a wurin Mama? Da ita take hira. Ita take tambaya ko ya ci abinci. In ka juye ta a kasuwar kifi, wallahi Mama ka juye."

"Tahani, kar ki sa in ɗaga miki hannu ranar jajibirin baikonki."

"Ɗaga! Dama tun da Wa'il ya tafi ba ka da aiki sai huci a gidan nan. Ko sunansa ba ka son a ambata. Hotonsa ma ba ka kallo. Ka tsane shi ne, ko haushi kake ji an fi kewarsa a kanka?"

Na yi zaton mari zan sha. Sai na ga fuskarsa ta yi wani iri. Ya ture ni gefe da kafaɗa, ba da ƙarfi ba, ya buɗe bakin buhun.

Simsima na ganin buhu ta san ba alheri. Maimakon ta gudu ƙarƙashin gado yadda ta saba, sai ta cusa kanta cikin yagar da ta yi wa kujerar. Kai ya shige, kafaɗu suka bi. Ashe ramin ya yi zurfi haka ban sani ba, ta riga ta ratsa soso ta kai ciki.

Yaya ya yi wata irin ƙara. "A'a! Fito! Fito nan!"

Ya damƙi bayanta ya ja. Ta yi kuka, ta ƙi saki. Ya sake ja.

Ta fito. Amma ba ita kaɗai ba.

Faratanta sun maƙale a jikin wani abu, tana fitowa yana biyo ta. Kore ne. Saƙar ulu. Ya yi ta biyowa har ya zama hannun riga, mai bakin da korensa ya fi sauran haske.



Na san wannan bakin hannun. Ni na riƙe wa Mama zaren a hannuwana tana naɗewa. Ta saƙa masa rigar ne don an ce mata Italiya akwai sanyi, ulun ya ƙare mata a hannun hagu, ba a samu irinsa ba, ta cike da wani kore mai haske. Ranar da zai tafi ana zafi kamar me, amma ya saka ta don ya faranta mata, muna yi masa dariya yana zufa.

Da ita ya fita daga gidan nan. A jikinsa.

Na ce, "Mece ce wannan, Yaya?"

Bai dube ni ba. "Tsumma ne. Soso ya gaza min, na cike da tsumma."

"Kai? Kai da Baba ya koya wa cewa mai cusa tsumma a kujerar mutane ɓarawo ne?"



Na sa hannu na jawo sauran. Ta fito gaba ɗaya, a ninke tsaf, an yi mata ninkin mutunci. Ban kai ta hancina ba, ƙamshin ne ya zo da kansa. Zufarsa, da man gashin nan mai arha da nake tsokanarsa a kai, da ƙurar katako. Wa'il ne. Kamar yanzu ya cire ta ya shiga wanka.

Simsima ta haye kanta tun tana hannuna. Na sake ta ƙasa. Ta kwanta a kai tana tattaka ta da hannuwa, tana goga fuska, tana wannan ƙugin nata na jin daɗi da rabon da in ji shi tun mai ita na nan.

"Yaya Isam." Muryata ba tawa ba ce. "Ina ƙanena?"

 Namijin da ban ga hawayensa ba ko ranar da aka fita da Baba, ya zube a kan kafet ɗin falon baƙi, buhun na hannunsa.

"Mahrus ne ya kawo min ita."

"Mahrus da suka tafi tare? Ba an ce yana Libiya yana aikin gini ba?"

"Ya dawo. Yana Iskandariyya. Ba ya iya shigowa unguwar nan, ba ya iya haɗa ido da Mama. A shago ya same ni."

"Ya ce me?"

"Tahani..."

"Ya ce me, Yaya!"

Ya share fuska da bayan hannu.

"Ya ce da aka kai su bakin ruwa ya ga jirgin, ya ga yawan mutanen, sai tsoro ya kama shi. Ya ce shi ba zai hau ba. Ya roƙi Wa'il su juya tare. Wa'il ya yi dariya, ya ce shi ɗan Dumyat ne, a bakin teku ya tashi, ruwa ba baƙonsa ba ne. Sai ya cire rigar ya miƙa masa. Ya ce, riƙe min, kada ruwan gishiri ya ɓata wa Mama aikinta, in na sauka sai ka aiko min."

Na toshe bakina da hannu.

"Jirgin bai yi nisa ba ya kife. Ruwa ya yi ta dawo da su bakin gaɓa, ɗaya bayan ɗaya. Mahrus ya tsaya yana duba fuskoki har ya gan shi."

Ban yi ihu ba. Na so in yi, na tuna Mama na sama da kanmu, rufi ɗaya ne tsakani. Na ciji gefen mayafina har na ji haƙorana sun haɗu.

Da na samu murya, abin da ya fito shi ne, "An yi masa wanka?"

"An yi."

"An yi masa sallah?"

"Mutanen wani ƙauye a bakin gaɓar sun yi musu. Mahrus na cikin sahu. Ya san kabarin."

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun kafin azumi."

"Tun kafin azumi." Na maimaita. "Mun yi azumi tana ajiye masa dabino a faranti. Mun yi Sallah tana goge masa jallabiya. Kana zaune kana cin abinci a gabanta. Ni ina nan ina roƙon Allah ya sa ya kira ranar baikona. Ba zaman makoki, ba wanda ya ce mana Allah ya jiƙansa. Wane irin mutum ne kai?"

"Ki faɗa. Duk abin da za ki faɗa na faɗa wa kaina."

"Haƙƙinta ne ta sani! Ita ta haife shi!"

"Kina nan likita ya ce zuciyarta ba za ta ɗauki wani bugu ba bayan na Baba. Kina nan." Ya ɗago jajayen idanunsa. "Na zo da ita a leda har bakin ƙofar nan. Na ɗaga hannu zan ƙwanƙwasa, na ji ta tana ce wa kyanwar, yau ma bai kira ba, ƙila layin can ne ba kyau. Na juya. Na sake zuwa, na sake juyawa."

"Shi ne ka cusa shi a kujera?"

"Ina zan kai ta? Gidana? Intisar ta gani, kafin la'asar Mama ta ji a bakin maƙwabta. In jefar? In ƙone? Rigar da ya ƙi bari ruwa ya taɓa?"

Ya miƙa hannu ya taɓa bakin rigar da ɗan yatsa ɗaya, kamar mai tsoron ta farka.

"Kujerun nan suna shago a lokacin, na buɗe cikinsu ina sa soso. Na tsaya ina kallon cikin wannan. Sai na ce, bari ya koma gida. Ni na kai shi tasha, Tahani. Ni na ce masa shagon ba zai riƙe mu biyu ba, ya zama namiji ya nemi nasa. Ni na fitar da shi daga gidan nan, to bari in mayar da shi. Ya zauna kusa da taga, a falon da ba a taɓa barinsa ya zauna ba. Yana jin muryar Mama. Na ninke ta, na sa, na rufe, na buga ƙusoshi. Shi ya sa na ce kujerar ba inda za ta. Ba zan sake fitar da shi ba."

Hawaye suka ƙwace min. Na tsane shi a lokacin, kuma tausayinsa ya kusa kashe ni, duka biyun a tare.

Ya nuna Simsima da haɓa.

"Kowa na rufe wa ido ban da wannan. Ranar da na shigo da kujerun ta zo ta tsaya a gaban wannan ta ƙi motsi. Duk shigowar da zan yi gidan nan in ji ƙarar faratanta, ji nake a ƙirjina take yi. Na yi mata turke da igiya mafi kyau a kasuwa, na ce ko za ta rufa min asiri. Ba tsanarta na yi ba. Tsoronta nake ji."

"Shi ne za ka juye ta cikin karnukan kasuwa don ta ƙi mantawa da shi."

 Ya saki buhun.

Sai muka ji ƙarar baho ya bugi bango a saman matakala.

Mama.

Takunta ba ya ɓuya. Silifas ɗaya, hutu, silifas ɗaya, hutu, tana ambaton Allah saboda gwiwa.

Yaya ya miƙe zumbur. Ya kama hannuna, tafinsa sanyi ƙalau.

"Ba yau ba, Tahani. Na roƙe ki da girman Allah. Bari gobe ta wuce, ta ga Fatiharki da farin ciki ko sau ɗaya. Bayan nan ni da bakina zan gaya mata, in kawo likita ya zauna kusa."

"Yaya, ba zan iya kallon idonta ba."

"Za ki iya. Ni na iya."

Ya fizge rigar daga ƙarƙashin Simsima. Ta yi wani kuka da ban taɓa jin kyanwa ta yi ba. Ya dubi kujerar, ramin ya wangale, ko ya mayar ba za ta ɓuya ba. Ya dubi buhun, ya dubi jakarsa, duk a buɗe suke a tsakar falo. Takun Mama ya iso hawan ƙarshe.

Sai idonsa ya faɗa kan turken.

Ya cire murfin, ya tura rigar cikin bututun, ya danna ta da hannu har gwiwar hannunsa ta shige, ya mayar da murfin ya buga da tafi. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Na dai goge fuskata da farar rigar nan mai ƙamshin sabulu.

Simsima ta tsaya a tsakiya. Ta dubi kujerar. Ta ɗaga hanci.

A hankali ta taka zuwa turken da ta yi watanni tana zagayewa. Ta shinshina gindinsa. Ta miƙe kan ƙafafunta na baya, ta miƙa jiki iya tsawonta, ta kafa farata a cikin igiyar.

Kar. Kar. Kar.

Daidai nan Mama ta leƙo, bahon a ƙugunta.

Ta tsaya cak. Bahon ya sulale ya faɗi.

"Tahani! Isam! Kuna gani? Kuna ganin abin da nake gani?"



"Ta koya! Wallahi ta koya!" Sai Mama ta ɗora hannu a baki ta rangaɗa guɗa. Rabon gidanmu da guɗa tun kafin Wa'il ya tafi. "Ba na gaya muku ba? In aka lallaɓa ta tana ji. Isam, naɗe buhunka ka kai wa masu albasa, ba inda 'yata za ta. Kai, Allah na gode maka. Yaron nan in ya dawo ya ji har makaranta aka sa ta, sai ya yi dariya har ya faɗi."

Yaya ya ce, "E, Mama." Da ƙyar ta fito.

"Ke kuma kukan me kike yi? Sakarya, ai murna za ki yi. Je ki kicin ki ɗauko mata kifi guda, mai kyau, ba kai ba."

Ban motsa ba. 

Mama ta manta da gwiwa. Ta sunkuya ta ɗauki Simsima, kyanwar na zillo tana son komawa, ita kuwa tana sumbatar kanta.

"Yarinyar kirki. Kawo hannun in gani, hannun da ya yi aiki. Me ya maƙale miki a nan kuma?"

Na ga abin kafin ta gani, amma na makara.

Zare ne a farcen. Ɗan guntu, a lanƙwashe irin na saƙar da aka warware. Kore mai haske.

Mama ta zare shi a hankali. Ta sauke kyanwar. Ta taka zuwa taga ta ɗaga shi a haske, ta murza shi tsakanin yatsu biyu. Ta kai shi hancinta.

Simsima ta koma kan turken tana kartarsa.

"Wannan uluna ne," in ji Mama, a hankali. "Wanda na cike hannun hagu da shi. Ko ƙulli ɗaya bai rage a gidan nan ba, duk a jikinsa ya tafi."

Ta juyo. Na runtse ido ina jiran ihun da zai tsaga gidan.

Dariya na ji.

Na buɗe ido. Fuskar Mama ta washe, ta koma ta yarinya, hannunta a kan ƙirjinta.

"Ya dawo ko? Ya dawo! Don baikon Tahani ya zo, shi ne kuka haɗa baki kuka ɓoye min sai gobe! 'Yan banzan yara, shi ya sa kuka tsaya min ƙerere kamar ɓarayi. Shi ya sa kyanwar ta nutsu!"

"Mama..."

Ba ta saurare ni ba. Ta fita daga falon da saurin da ban san tana da shi ba. Muna ji tana buɗe ƙofofi. Ɗakinsa. Ɗakina. Banɗaki.

"Wa'il! Fito, na gano ku! Fito in gan ka, ɗan nema, ko ka rame? Wa'il!"

Ta buɗe kicin. Ta leƙa baranda.

Sannan takun ya dawo, silifas ɗaya, hutu, silifas ɗaya. Ta tsaya a ƙofar falon, zaren naɗe a yatsanta, sauran dariyar bai gama barin fuskarta ba.

Ta dube ni. Ta dubi yagaggiyar kujerar. Ta dubi babban ɗanta da ya durƙusa a gaban turken, ya rungume shi da hannu biyu, goshinsa a kan igiyar.

"Isam," ta ce. "Me ya sa kake kuka?"